SHARHI: Yadda jam'iyya ɗaya ke haɗiye ƙasa, daga Jamus ta 1933 zuwa Damagaram ta 1959



A watan Oktoba 2025 aka cika shekara 66 da haramta jam'iyyar Sawaba. Ranar 12 ga Oktoba 1959 gwamnatin Yamai ta sa hannu a kan takardar. Ba a hutu a wannan rana, ba a jawabi, yawancin matasanmu ma ba su san da ita ba. Amma daga ranar Nijar ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya, wata goma kafin a ba ta 'yancin kai, kuma talakan ƙasar nan bai sake shiga rumfar zaɓen 'yan majalisa ya tarar da jam'iyyu na takara da juna a faɗin ƙasa ba sai a watan Fabrairu 1993.

Abin da ya sa muka tono zancen shi ne halin da muke ciki yau. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu. Taron mahawarar ƙasa da aka yi a Yamai daga 15 zuwa 20 ga Fabrairu 2025 ya ba da shawarar a rusa su gaba ɗaya, a rubuta sabuwar doka da za ta bar jam'iyyu tsakanin biyu zuwa biyar. Ranar 26 ga Maris 2025, ranar da aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a matsayin shugaban ƙasa na tsawon shekara biyar, aka rusa jam'iyyun, waɗanda yawansu ya haura 150.

A fadojin matasa na Birni da Zango da Sabon Gari, da tashar mota, da kasuwar Dole, ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa gara da aka yi, jam'iyyun nan sun raba zumunci, sun mayar da siyasa kasuwa, wata jam'iyyar ma mutum ɗaya ne da jakarsa. Wasu kuma na tambaya: to an rusa, me za a gina a wurin? Kowane ɓangare na da hujjarsa. Ko ba daɗe ko ba jima dai za a rubuta sabuwar dokar, kuma gardamar da ake yi duk a kan adadi take, biyu ko uku ko biyar. Tarihi na nuna akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: ranar da ɗaya daga cikinsu ta yi ƙarfi ta kama gwamnati, wa ke da ikon ce mata "tsaya nan"?

Domin a ga nauyin tambayar, bari mu fara da misalin da duniya ta fi sani, sannan mu dawo gida.

Jamus: daga kujeru 12 zuwa mulkin mutum ɗaya

A watan Nuwamba 1923 Adolf Hitler ya gwada juyin mulki da bindiga a birnin Munich. Abin ya watse, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar, amma bai cika shekara guda ba bayan hukuncin aka sake shi. Daga nan ya canza dabara, ya ce ta akwatin zaɓe zai bi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta Nazi ta samu kashi 2.6 cikin 100 na ƙuri'u, kujeru 12 kacal a majalisa mai kujeru 491. Ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci.

Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. Zuwa farkon 1932 Jamusawa miliyan 6 ba su da aikin yi. 'Yan Nazi suka ba wa mai jin yunwa wanda zai ɗora wa laifi: Yahudawa, 'yan kwaminis, yarjejeniyar Versailles da aka tilasta wa ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da 'yan siyasar da suka sa mata hannu. Suna da 'yan banga masu kaki, suna tarwatsa tarukan abokan hamayya a tituna, sannan su juyo su ce su kaɗai ne za su iya dawo da doka da oda. A 1930 kujerunsu suka koma 107. A watan Yuli 1932 suka kai 230, da kashi 37 cikin 100. A watan Nuwamba na wannan shekara suka sauko zuwa kashi 33. Ke nan a zaɓe mai 'yanci Jamusawa ba su taɓa ba Hitler rabin ƙuri'unsu ba.

Manyan ƙasa ne suka miƙa masa kujerar. Tsohon shugaban gwamnati Franz von Papen da wasu masu faɗa-a-ji suka shawo kan shugaban ƙasa Paul von Hindenburg, dattijo ɗan shekara 85, ya naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Lissafinsu shi ne su ari jama'arsa su murƙushe 'yan kwaminis, shi kuma su riƙe masa linzami. Ban da shi, 'yan Nazi biyu ne kawai a cikin gwamnatin. Sai dai ɗaya shi ne ministan cikin gida, ɗayan kuma, Hermann Göring, shi ke riƙe da 'yan sandan Prussia, jiha mafi girma a ƙasar.

Ranar 27 ga Fabrairu ginin majalisar dokoki ya kama da wuta. Washegari aka fitar da dokar ta-ɓaci bisa aya ta 48 ta kundin tsarin mulki, aka dakatar da 'yancin magana, da na jarida, da na taro, aka shiga kama 'yan adawa. Duk da haka a zaɓen 5 ga Maris kashi 43.9 suka samu. Ranar 23 ga Maris majalisa ta ba gwamnati ikon yin doka ba tare da ita ba, da ƙuri'a 444 a kan 94. 'Yan kwaminis 81 da jama'a suka zaɓa babu ko ɗaya a zauren, wasu na tsare, wasu sun gudu. Jam'iyyar SPD ce kaɗai ta ce a'a. Ranar 2 ga Mayu aka rufe ƙungiyoyin ƙwadago. Ranar 14 ga Yuli doka ta ce jam'iyyar Nazi ce kaɗai halastacciya. Wata biyar da rabi ke nan daga naɗi zuwa jam'iyya ɗaya, kuma ba a ma soke kundin tsarin mulkin ba, an bar shi a rubuce an cire masa haƙora. Von Papen mai riƙe linzami, a watan Yuni 1934 aka kashe na hannun damarsa, shi kuma aka tsare shi a gida. Ƙarshen labarin kowa ya sani: yaƙin 1939 zuwa 1945, kisan Yahudawa miliyan 6, da Jamus a rushe an raba ta biyu.

Kafin mu dawo gida, a fahimce mu da kyau. Babu wata gwamnati da aka yi a Nijar da za a ajiye ta kusa da ta Hitler a wajen aƙida ko yawan jini. Jam'iyyar PPN-RDA ba ta da aƙidar fifita jinsi, ba ta gina sansanonin hallaka jama'a ba, ba ta kai wa maƙwabta yaƙi ba. Abin da ya yi kama shi ne matakalar da aka taka: jam'iyyar da ba ta da rinjaye, manya da suka ara mata ƙarfi, majalisar da aka share wa 'yan adawa, da takardar doka a kowane mataki.

Giwa da raƙumi

An kafa PPN a Yamai a watan Mayu 1946, ta shiga ƙawancen RDA na Félix Houphouët-Boigny, mai alamar giwa. Manyanta malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati: Diori Hamani, wanda aka zaɓa ɗan majalisar Faransa a wannan shekara, da Boubou Hama, da Djibo Bakary. Diori da Djibo 'yan'uwa ne, dukansu 'yan Soudouré, dukansu sun yi makarantar William Ponty a Senegal. Sun raba gari ne a farkon shekarun 1950, lokacin da RDA ta yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa ta nemi sulhu da gwamnatin mulkin mallaka. Djibo ya ƙi bi. Ya koma aikin ƙungiyar ƙwadago, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, mai alamar raƙumi.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Kano, jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a watan Agusta 1950, da neman sawaba aka san ta, kuma masu safara tsakanin Kano da Damagaram sun riƙa ɗauko zancen tare da kaya. Magoya bayan Sawaba su ne direbobi da 'yan kamasho, teloli, mahauta, leburori, ƙananan 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata, musamman a garuruwan gyaɗa na kan babbar hanya: Maraɗi, Tasawa, Damagaram. A nan gabas akwai kuma tsohon ciwo. Tun 1926 da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai, mutanen yankin na ganin su ke noma gyaɗar da ke kawo kuɗi, amma makarantu da muƙamai na can yamma.

A ƙarshen 1956 Djibo ya haɗe da jam'iyyar BNA ta su Issoufou Saïdou Djermakoye da Georges Condat, wadda sarakunan gargajiya da yawa ke mara wa baya, ya zama magajin garin Yamai na farko. A zaɓen 31 ga Maris 1957 wannan ƙawance ya ci kujeru 41 cikin 60. PPN-RDA ta samu 19. Djibo Bakary ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a tarihin Nijar. A riƙe wannan adadi: wata 18 kafin zaɓen raba-gardama, jam'iyyar da za ta mulki ƙasar nan ita kaɗai har shekara 15 ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na majalisa ba.

Gaskiya kuma ita ce Sawaba ba ta yi mulki da tattausan hannu ba. Ta tuɓe wasu sarakuna, ta sa nata mutane a muƙamai, kuma a watan Afrilu 1958 an yi mummunar arangama a Yamai tsakanin magoya bayanta da na RDA. Ƙawancen talakawan gari da sarakuna dama auren dole ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wata goma sha biyu da rabi

Janar de Gaulle ya hau mulkin Faransa a 1958, ya ba ƙasashen da suke mallaka zaɓi: "i", a zauna cikin tarayya da Faransa, ko "a'a", a ɗauki 'yanci nan take a rasa duk wani tallafi. Sékou Touré na Gini ya ce a'a. Djibo Bakary ma ya ce a'a. Gini na bakin teku, Faransa ta iya haƙura da ita. Nijar kuwa na iyaka da Aljeriya, inda Faransa ke tsakiyar yaƙi, an kuma fara ganin alamun yuraniyom a arewa. Ga Najeriya a kudu tana shirin samun 'yanci, Faransawa na tsoron Hausawan nan su karkata can.

A ƙarshen watan Agusta aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Cikin 'yan makonni ya juya duk injin mulkin mallaka, daga kumandan na lardi har zuwa mai gari, ya koma kamfe na "i". Aka nuna wa sarakuna cewa in Djibo ya ci, rawaninsu ya tafi. Ɓangaren BNA ya fice daga Sawaba ya koma wa RDA. Aka yi ta yawo da sojoji a karkara. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka bayyana cewa "i" ta samu kusan kashi 78 cikin 100. Amma kashi 37 ne kawai na masu rajista suka fito. Kusan mutum biyu cikin uku sun zauna gida.

Zaɓen raba-gardama bai taɓa kujerun majalisa ba, bisa doka gwamnatin Djibo na nan da rinjayenta. Sai aka matsa masa har ya yi murabus ranar 19 ga Oktoba. A tsakiyar Nuwamba aka rusa majalisar da ba ta cika shekara biyu ba. Ranar 14 ga Disamba aka yi sabon zaɓe, ƙawancen RDA da sarakuna da tsoffin 'yan BNA, mai suna UCFA, ya samu kujeru 49, Sawaba ta tsira da 11. Ranar 18 ga Disamba aka shelanta Jamhuriya, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama shugaban majalisa. Ita ce ranar da muke biki kowace shekara, wadda aka yi cikarta 60 a nan garin a 2018 da sunan Zinder Sabuwa.

To ina kujerun nan 11 suka fito? Daga mazaɓun Tasawa da Zinder. Duk da gwamna, duk da kumandan, duk da soja, a nan ne mutane suka sake jefa wa raƙumi. Ba a bar su ba. Aka soke sakamakon mazaɓun biyu da sunan an tafka kura-kurai. A tsakiyar 1959 aka sake zaɓen Zinder a yanayin da Sawaba ta ga ba za ta iya tsayar da 'yan takara ba, ta ce magoya bayanta su ƙaurace. Majalisa ta koma baki ɗaya. Djibo ya bar ƙasar. Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar da sunan kare tsaron ƙasa. Daga ranar raba-gardama zuwa ranar haramci, wata goma sha biyu da rabi.

Kun ga inda labaran biyu suka haɗu. A Berlin an hana 'yan majalisa 81 shiga zaure kafin a kaɗa ƙuri'ar da ta kashe majalisar. A Nijar an soke kujeru 11 kafin a haramta jam'iyyar masu su. A duk wuraren biyu akwai takarda mai hatimi da ta ce abin na bisa doka, kuma babu wata kotu da ta iya tsayawa a gaba.

Abin da ya biyo baya

Kundin tsarin mulkin 8 ga Nuwamba 1960 bai rubuta cewa jam'iyya ɗaya ce za ta yi mulki ba. Babu buƙata. Majalisar da aka tace ita ce ta zaɓi Diori shugaban ƙasa, ta ci gaba da zama har 1965. A zaɓukan 1965 da 1970 ɗan takarar shugaban ƙasa ɗaya ne, jerin 'yan majalisa ɗaya ne, sakamako kuma sama da kashi 99 cikin 100. Ma'aikatar cikin gida ta daɗe a hannun mutum ɗaya, Diamballa Yansambou Maïga. Ita kanta jam'iyyar, bayan 1959 ba ta sake kiran babban taronta ba, 'yan mutane kaɗan na ofishin siyasa ne ke yanke komai. Jam'iyyar da ta rufe bakin wasu sai ga shi ta rufe na 'ya'yanta.

Da aka toshe ƙofar zaɓe, Sawaba ta nemi ta bindiga. Ta tura matasa horo Aljeriya da Sin da Vietnam ta Arewa, ta yi sansani a Ghana ta Kwame Nkrumah. A watan Oktoba 1964 ƙananan rundunoninta suka shigo ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton talakawa za su tashi su bi su. Ba su tashi ba. Aka murƙushe su cikin 'yan makonni, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin Idin babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti yana nufin Diori. Shugaban ya tsira, yaro ƙarami ya rasu. Kame ya biyo baya, ya haɗa da waɗanda laifinsu kawai sun taɓa riƙe katin raƙumi. A gidaje da yawa na Damagaram da Magariya da Matamai da Tasawa, har yau akwai kakan da ba ya son a tayar da zancen. Ɗan tarihin nan na ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya shafe shekaru yana hira da tsoffin 'yan Sawaba kafin ya fitar da littafinsa a 2013.

Ba za a ce gwamnatin Diori ba ta yi komai ba. Ta kafa SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, ta gina gadar Kennedy, ta ɗora harsashin jami'ar Yamai, ta tsaya wa haɗin kan Najeriya lokacin yaƙin Biyafara duk da matsin Faransa. Amma da fari ya zo daga 1968, ya yi tsanani a 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, babu ɗan adawa a majalisa da zai tashi ya tambayi inda hatsin agaji ya shiga, babu jaridar da za ta buga. Gwamnatin da ke cin kashi 99 ba ta da hanyar jin cewa jama'a sun gaji. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya kifar da ita cikin dare ɗaya, uwargidan shugaban ƙasa Aïssa Diori ta rasa ranta, ba wanda ya fito titi ya kare giwa. Diori kuwa, a nan Zinder aka kawo shi aka tsare har 1980, garin da aka soke wa zaɓe shekara 15 kafin nan. Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Djibo ya dawo gida a 1974, a 1975 shi ma Kountché ya ɗaure shi.

An sake gwadawa

Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan Farfesa André Salifou ya shugabanta, shi ya buɗe ƙofar da aka rufe a 1959. A 1993 wani ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa cikin takara. Amma tsohuwar dabarar ba ta mutu ba.

A zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996, Janar Ibrahim Baré Maïnassara, wanda ya yi juyin mulki a watan Janairu, ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar aiki, ya naɗa wata, aka tsare sauran 'yan takara a gidajensu, aka ce ya ci da kashi 52 tun zagayen farko. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi.

Tazarce kuma a nan jihar aka fara buga gangarta, a watan Oktoba 2008, wajen ɗora harsashin matatar mai. Da Kotun Tsarin Mulki ta ce shirin ya saɓa doka, Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu 2009. Ranar 26 ga Yuni ya ɗauki ikon gaggawa bisa aya ta 53, ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun da Salifou Fatimata Bazeye ke shugabanta. Zaɓen raba-gardama na 4 ga Agusta ya ba shi kashi 92. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka ɗauke shi daga fada. Aya ta 53 a Yamai, aya ta 48 a Berlin: kowane kundi na da ƙofar gaggawa domin ranar bala'i, kuma ta nan mai son zarcewa ke fara leƙawa. Abin lura shi ne a 2009 an samu alƙalan da suka ce a'a, abin da ba a samu ba a 1959. An kore su, amma kowa ya ji.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Yanzu da ake jiran sabuwar dokar jam'iyyu da kundin da zai biyo bayan wannan wa'adi, ga wuraren da tarihin nan ke cewa a karanta da kyau.

Na farko, wa ke da ikon rusa jam'iyya ko soke kujerar ɗan majalisa? In ministan cikin gida ne ko majalisar ministoci, to ranar 12 ga Oktoba 1959 na iya dawowa ko da jam'iyyu biyar aka rubuta. Jamus ta yau ta koyi wannan darasi: a can Kotun Tsarin Mulki ce kaɗai ke iya haramta jam'iyya, kuma sau biyu kawai ta taɓa yin haka, a 1952 da 1956.

Na biyu, in za a taƙaita adadi, wa zai zaɓi waɗanda za su rayu, kuma da wane ma'auni? Maƙwabciyarmu Najeriya ta gwada. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta gina musu ofisoshi, amma hakan bai hana a soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ba. Ma'aunin da ke hannun masu ƙuri'a, kamar a ce sai jam'iyya ta samu kaso kaza a jihohi kaza, ya fi wanda ke aljihun hukuma aminci.

Na uku, dokar ta-ɓaci. Ƙasarmu na cikin yaƙi na gaske, a Diffa da Tillabéri da sauran wurare, ba wanda ke musun haka, kuma jami'an tsaronmu na ba da rayukansu. Saboda haka ne ma ya kamata ayar gaggawa ta zo da wa'adi a rubuce, da wanda zai duba ta, da sharaɗin cewa ba a rusa majalisa ko kotu a lokacinta.

Na huɗu, hukumar zaɓe da sarakunanmu. Hukumar da za a iya sallama ana cikin ƙirga ba hukuma ba ce. Sarakuna kuwa iyayen kowa ne. Sawaba ta tuɓe wasunsu, Colombani ya yi kamfe da wasu, gwamnatocin baya kowace ta ja rawani ta ɓangarenta. Dokar da za ta raba fada da rumfar kamfe, sarautar ce za ta fara amfana da ita.

Na biyar ya shafi gidaje irin namu. Rediyo da jarida su ne ke kai wa mai mulki labarin da na kusa da shi ba za su faɗa masa ba. Da a 1973 akwai inda makiyayin Tanout ko manomin Gure zai yi magana a ji shi a Yamai, wataƙila da labarin ya canza.

Waɗanda ke da shekara 20 a ranar raba-gardamar 1958, a 2025 sun kai 87. Sun ragu ƙwarai. In akwai irinsu a gidanku, ko ɗan giwa ne ko ɗan raƙumi, ko tsohuwar da ta ga abin da idonta, ku zauna da su ku tambaye su, ku naɗi muryarsu a waya. Ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take ga duk dattijon da ke son ba da shaidarsa, kuma za mu ware lokaci a shirinmu na kiran waya domin jin ra'ayoyinku a kan sabuwar dokar jam'iyyu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni masu faɗa musu gaskiya.